Kod ɗina lafiya lau a laftof, a Raspberry Pi kuma ya rikice: amsoshin wasiƙunku kan shingen memori

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Kwanakin baya na faɗa a wannan fili cewa furosesar zamani ba lallai ta bi layukan kod ɗinka a jere yadda ka rubuta su ba, ai kuwa kamar na taɓo gidan rina, saƙonni suka yi ta shigowa, wasu ma cewa suke sam wannan magana ba za ta yiwu ba. Na tsinto guda shida, ta farkon ita za ta ci mana wuri don sauran duk a jikinta suka rataya.

TAMBAYA: Salam Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne ɗan aji huɗu a fannin kwamfuta, furojet ɗina ɗan ƙaramin mojul ne na kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'ura, zaren aiki biyu ne a ciki, wato sassan kod biyu da ke gudu lokaci guda. Na farko yana rubuta data = 42 sannan ya rubuta ready = 1, na biyu yana ta zagaye da cpu_relax() yana jiran ready ta zama 1 sannan ya karanta data. A laftof ɗina mai Intel na bar shi ya kwana yana gudu ba matsala ko sau ɗaya, amma da na ɗora shi kan Raspberry Pi 4 sai jefi-jefi ya ga ready ta zama 1 amma data tana nan a 0. Na canja caja, na canja katin memori, har na fara zargin allon ne ya samu matsala. Don Allah ya abin yake?
Daga wani ɗalibi a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Allon nan lafiyarsa ƙalau, ka daina wahalar da kanka da sayen caja. Abin da ka gani abu ne da ARM ta halatta wa furosesarta, yana nan rubuce a dokokinta, kuma ka yi sa'a da ka gan shi tun kana ɗalibi, wasu sai na'urarsu ta shiga hannun jama'a sannan suke cin karo da shi.

Bari in kawo maka shi kusa. Ka ɗauka ranar suna ce a gida, uwar gida ta zuba tuwo a langa ta ɗora wa yaro a ka ta ce kai wa baƙi a zaure, sannan ta kira wani yaron ta ce ruga ka ce wa maigida tuwo ya iso. Ita dai a wajenta ta yi komai a tsari, tuwo ne farko sannan saƙo. Amma na farkon yana ɗauke da kaya yana tafiya a hankali kar miya ta zube, na biyun hannunsa rabbana, ya sheƙa a guje ya riga shi. Maigida ya ji an ce tuwo ya iso, ya juya ya ga tabarma wayam. To data ita ce tuwon, ready ita ce saƙon. Rubutu biyu ne zuwa gurabe biyu daban a memori, babu abin da ya ɗaure ɗaya da ɗaya a idon furosesa, don haka wanda hanyarsa ta fi sauƙi shi zai riga bayyana ga sauran ƙwayoyin furosesar, wato ƙananan furosesa da ke cikinta, kowace tana gudanar da nata zaren.

Kuma ba nan kaɗai gizo ke saƙar ba, shi ma maigidan yana iya kawo tasa ɓarakar. Ka ce ya leƙa zaure tun da wuri ya ga babu tuwo, ya riƙe wannan a ransa, daga baya da aka ce masa ya iso sai ya yi aiki da tsohon ganin da ya yi bai sake leƙawa ba. Haka furosesa ke yi, tana hasashen cewa zagayen jiranka ya kusa ƙarewa sai ta yi gaba ta karanto data tun kafin amsar ready ta dawo. Mutane da yawa suna zaton tunda akwai sharaɗi a tsakani, wato sai ready ta zama 1 ake wucewa, dole karatun biyu su zo a jere. A'a. Sharaɗi irin wannan ba ya hana karatu na biyu yin riga malam masallaci.

Me ya sa aka ƙera su haka? Saboda memori tana da nawa sosai in aka kwatanta da furosesa. Ƙwaya mai gudun gigahaz 3 tana bugu biliyan 3 a sakan ɗaya, zuwa RAM a dawo kuwa yana cin kusan nanosakan 80 zuwa 100, wato bugu ɗari biyu zuwa ɗari uku tana zaune tana jiran amsa ɗaya. Ba wanda zai yarda da wannan asara, shi ya sa aka cusa keshi hawa-hawa, wato 'yar ma'ajiya mai sauri kusa da ƙwaya, aka sa ɗan aljihu da rubutu ke jira a ciki kafin ya fita, aka ba furosesa dama ta yi aikin gaba kafin na baya ya kammala. Alƙawari ɗaya kawai ta ɗauka, cewa zaren da ke gudu a kanta shi kansa ba zai taɓa gane an juya masa tsari ba. Maƙwabcinsa da ke kan wata ƙwayar ba a yi masa wannan alƙawarin ba. Kafin ma a kai ga furosesa, kwamfaila irin GCC ko Clang, mai mayar da kod umarnin inji, shi ma yana da 'yancin juya waɗannan layukan biyu naka, don shi ma zare ɗaya yake kallo.

Dalilin da laftof ɗinka bai nuna ba shi ne gidan x86, wato Intel da AMD, suna da tsauri. A wajensu rubutu ba ya tsallake rubutu, karatu ba ya tsallake karatu, yaron saƙo dole ya bi bayan mai ɗauke da langa. Pi 4 kuwa ƙwaya huɗu ne na Cortex-A72, gidan ARM, su da POWER na IBM da RISC-V duk sun sassauta, sai inda ka ce a tsaya ake tsayawa. In kiɗa ya canja dole rawa ta canja.

Gyaran ba shi da tsawo. Ɓangaren mai rubutu:

WRITE_ONCE(data, 42);
smp_store_release(&ready, 1);

Ɓangaren mai karatu:

while (!smp_load_acquire(&ready))
cpu_relax();
r = READ_ONCE(data);

Na farkon yana cewa duk abin da na taɓa a memori kafin nan sai ya riga wannan rubutun bayyana, wato uwar gida ba za ta saki yaron saƙo ba sai langa ta sauka a tabarma. Na biyun yana cewa duk abin da zan taɓa bayan nan kar a fara shi sai wannan karatun ya dawo, wato maigida sai ya ji saƙo sannan zai leƙa. A ARM64 waɗannan suna komawa umarnin stlr da ldar, a x86 kuwa mov ne na yau da kullum, kwamfaila kawai ake ja wa kunne. Akwai tsohuwar hanya da za ka yi ta gani a kod, smp_wmb() tsakanin rubutun biyu da smp_rmb() tsakanin karatun biyu, ita ma tana aiki, amma ni na fi son ta farko don tana nuna ƙarara wane gurbi ne ke ɗauke da saƙon.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shinge, wato umarni irin waɗannan mai tilasta jeri, a ɓangaren mai rubutu kaɗai bai gyara komai ba in mai karatu ba shi da nasa, kullum biyu-biyu suke tafiya, duk inda ka ga ɗaya ka tambayi ina abokin tafiyarsa. Kuma kar ka ɗauka wannan zancen masu manyan sabobi ne can ƙasar waje, wayar da ke aljihunka ko Tecno ce ko Infinix ko Samsung, furosesar ARM ce mai ƙwaya da yawa a ciki, kanel ɗin Linux ne a ƙarƙashin Android ɗin, waɗannan shingayen suna aiki duk lokacin da ka taɓa fuskar wayar.

TAMBAYA: Malam mu a aji an koya mana in gurbi ɗaya ake rabawa tsakanin zare da zare sai a sa masa volatile shi kenan. Ba zai wadatar ba?
Daga wani mai karatu a Kano

AMSA: Ba zai wadatar ba ɗan'uwa. Kalmar volatile da kwamfaila kawai take magana, tana ce masa kar ka ajiye wannan a rajista, kar ka goge shi, kar ka haɗe karatu biyu su zama ɗaya. Furosesa ba ta ma san an rubuta ta ba, da zarar kod ya zama umarnin inji babu sauran alamarta, don haka matsalar ɗalibinmu na Zariya tana nan daram ko da ya sa volatile a data da ready duka. Har takarda guda aka ware a cikin takardun kanel, volatile-considered-harmful, tana bayanin dalilin da ya sa ba a son a manna ta a jikin gurbi.

Abin da kanel ke yi shi ne ya sa alamar a kan taɓawar, ba a kan gurbin ba, wannan ne aikin READ_ONCE() da WRITE_ONCE(). Sun shigo a Linux 3.19, suka maye gurbin ACCESS_ONCE() wanda aka cire gaba ɗaya a 4.15. A cikinsu da volatile ɗin ake amfani, amma a daidai layin da ake buƙata kawai. Suna hana kwamfaila ya fitar da karatun ready daga cikin zagaye ya bar ka kana juyawa har abada, suna hana shi yanka rubutu ɗaya gida biyu. Iyakar su kenan, ba su jera maka komai tsakanin gurabe daban-daban a furosesa. Akwai kuma barrier(), shi ma na kwamfaila ne zalla, ko umarni ɗaya ba ya haifarwa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, in na fahimce ka kenan wanda kod ɗinsa a Intel ko AMD kawai zai yi aiki ba ruwansa da shinge?
Daga wani injiniya a Maraɗi

AMSA: Allah ya ja da ranka, da ruwansa fa. Akwai ƙofa ɗaya da x86 ta bari a buɗe, kuma ita ce ta fi wahalar ganewa: karatu yana iya riga rubutun da ya gabace shi in gurabensu daban ne.

Ga gwajin. x da y duk suna 0. Ƙwaya ta farko ta rubuta x = 1 sannan ta karanta y. Ƙwaya ta biyu ta rubuta y = 1 sannan ta karanta x. Zauna da biro da takarda ka jera waɗannan ayyuka huɗu ta kowace hanya da ka ga dama muddin kowace ƙwaya ta yi rubutunta kafin karatunta, ba za ka taɓa samun su biyun sun karanta 0 ba, dole wani ya ga 1 ɗin wani. Wannan tunanin na jeri ɗaya da kowa ya yarda da shi Leslie Lamport ne ya tsara ma'anarsa a 1979, kuma shi ne abin da ƙwaƙwalwarmu ke zato ba tare da an gaya mata ba. Amma a laftof ɗinka na Intel su biyun suna iya karanta 0, kuma ba sai an daɗe ana gwadawa ba.

Sanadin shi ne aljihun nan da na ambata. Ka ɗauki wa da ƙani masu shago ɗaya a Kantin Kwari, saura bandir ɗaya na wata shadda, suna da babban littafi da suke rubuta abin da aka kama. Wan yana bakin ƙofa da mai saye, ya rubuta a 'yar takarda cewa ya kama bandir ɗin ya sa a aljihu da niyyar shigarwa littafi, ya leƙa littafin ya ga ƙanin bai rubuta komai ba, ya karɓi kuɗi. Ƙanin yana waya da wani mai sayen, shi ma ya yi daidai wannan. Kowannensu ya rubuta kafin ya duba, kowannensu in ka tambaye shi zai rantse ya bi ƙa'ida, kuma in ya sa hannu a aljihunsa zai ga takardarsa, amma an sayar da bandir ɗaya ga mutum biyu. Haka ƙwaya take, tana ganin rubutun da ke aljihunta, maƙwabciyarta ba ta gani sai ya fita zuwa keshi.

Nan smp_store_release() da smp_load_acquire() ba za su cece ka ba, smp_wmb() da smp_rmb() ma haka, don babu ɗayansu da ke hana karatu tsallake rubutun da ke gabansa. Sai cikakken shinge, smp_mb(), tsakanin rubutun da karatun a ɓangarorin biyu, wato ka zazzage aljihunka a littafi kafin ka duba shafin ɗan'uwanka. A x86 da can mfence ake sawa, yanzu Linux na amfani da umarnin lock addl a kan tarin zaren don ya fi sauri, a ARM64 kuma dmb ish ne.

Kar ka ce wannan wasan allo ne, a tsakiyar kanel yake, wajen barci da farkarwa. Zare zai yi barci sai ya rubuta cewa ni na kwanta, sannan ya duba ko abin da yake jira ya iso, in bai iso ba ya kira schedule(). Mai farkarwa kuma ya rubuta cewa abu ya iso, sannan ya duba ko akwai mai barci. Ka ga siffar ɗaya ce da ta shagon. In babu shinge, mai barcin ya ga abu bai iso ba, mai farkarwar ya ga babu mai barci, shi kenan zare ya kwanta ba mai tashinsa, furogiram ya sandare ba tare da wani saƙon kuskure ba. Shi ya sa set_current_state() ke ɗauke da cikakken shinge a cikinsa, ɗan'uwansa mai layi biyu a gaba __set_current_state() kuma ba shi da shi, kuma shi ya sa aka rubuta dogon gargaɗi a saman waitqueue_active() cikin include/linux/wait.h. In wait_event() da wake_up() za su yi maka aiki, ka tsaya a kansu, an riga an yi maka wannan lissafin.

Wani abu da ke nuna nauyin bambancin nan: lokacin da Apple ta koma furosesarta ta ARM da M1 a 2020, sai da ta sa wa ƙwayoyin wani yanayi na musamman da ke bin tsaurin x86, don manhajojin Intel da Rosetta 2 ke fassarawa su yi gudu ba tare da an cusa shinge a kowane lungu ba.

TAMBAYA: Malam ni dai abin nan ya ɗaure min kai. Me zai hana in zuba smp_mb() bayan kowane layi da ke taɓa abin da ake rabawa in huta?
Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

AMSA: 'Yar'uwa na fahimci abin da ya kai ki ga wannan tunani, amma ba zai hutar da ke ba. Na ɗaya yana da tsada, kowane cikakken shinge yana tsayar da ƙwaya sai aljihunta ya zazzage, a hanyar da ake bi sau miliyoyi a sakan kamar karɓar fakitin intanet wannan ba ƙaramar asara ba ce. Na biyu kuma wanda ya fi damuna, shinge jeri kawai yake gyarawa. Ba ya hana zare biyu shiga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, in su biyun suna count++ sai lissafi ya ɓace ko da kin kewaye layin da shinge goma, don karantawa da ƙarawa da rubutawa ayyuka uku ne. Ba ya kuma sa rubutunki ya isa da wuri, cewa kawai yake wannan kafin wancan.

Shawarata ta gaskiya, ki fara da makulli. spin_lock() da mutex_lock() suna ɗauke da shingen shiga, spin_unlock() da mutex_unlock() suna ɗauke da na fita, duk abin da ke tsakaninsu ba ya tsallakowa waje, kuma wanda ya karɓi makullin bayanki zai ga duk abin da kika rubuta. Mafi yawan direbobi ba sa buƙatar abin da ya wuce haka. Sai kin auna kin tabbatar makullin ne ke jan ƙafar aikin sannan ki fara tunanin cire shi. Ki kuma kula da dangin atomic, mutane na zaton duk shinge ne, alhali atomic_inc() da ba ya dawo da komai ba ya jera komai, atomic_inc_return() da atomic_dec_and_test() su ne masu cikakken shinge gaba da baya. Don cike wannan giɓin aka yi smp_mb__before_atomic() da smp_mb__after_atomic().

Bari in ba ki labarin abin da ya taɓa samuna. Na taɓa rubuta ma'ajiyar zobe a wata 'yar na'urar ARM da ke tattara awo daga firikwensin, zare ɗaya na zubawa ɗaya na kwashewa, ba makulli. Na sa shinge a wajen mai zubawa kafin ya matsar da kan zoben, na sa a wajen mai kwashewa bayan ya karanta kan, na ce na gama. Na'urar sai ta yi kwana biyu ko uku lafiya sannan awo ɗaya ya fito da lambar da ba ta da ma'ana, rabinsa tsoho rabinsa sabo. Na yi kusan mako uku ina zargin wayoyi da wutar lantarki, ina zaune da dare ina kallon layukan da ke gangarowa a allo har idona ya yi ja. Ashe na manta cewa zobe hanya biyu gare shi. Mai kwashewa shi ma saƙo yake aikawa in ya matsar da wutsiya, yana cewa na gama da wannan gurbin kana iya rubutawa a kai, kuma ni na bar wannan rubutun tsirara, yana iya fita kafin karatun gurbin ya kammala, mai zubawa ya zo ya taka abin da ba a gama ɗauka ba. Layi ɗaya na canja, wutsiyar ta koma smp_store_release(), matsalar ba ta sake dawowa ba. Da a ce tun farko na rubuta a gefen kowane shinge wane ne abokinsa kuma me yake karewa, da na ga ramin da wuri. Masu kula da kanel sun san wannan, shi ya sa checkpatch.pl ke yi miki ƙorafi in ya ga shinge ba sharhi a kusa da shi.

TAMBAYA: Ina rubuta direba na wani katin da ke kwasar data da kansa daga RAM. Na'urar ƙwaya ɗaya ce tak, to ina ganin ba na buƙatar duk wannan ko?
Daga wani mai karatu a Jos

AMSA: Kana buƙata malam, don katin shi ma mai karatu ne, ido na biyu ne a kan memori ko da furosesa ɗaya ce. Kuma ka lura, duk masu smp_ a gaba in aka gina kanel na ƙwaya ɗaya suna komawa barrier() kawai, ba su san da na'ura ba. Ga mai DMA, wato katin da ke taɓa RAM da kansa, akwai nasa: ka cika bayanin fakiti a cikin zoben da kuke rabawa da katin, ka sa dma_wmb(), sannan ka rubuta alamar da ke cewa gurbin ya zama na katin. Wajen karɓa kuma ka duba alamar ta dawo hannunka, ka sa dma_rmb(), sannan ka karanta abin da ya rubuto. In ka zo buga masa ƙararrawa ta rajistarsa, writel() yana tabbatar da rubutun da ka yi a memorin DMA ya riga shi isa, amma writel_relaxed() bai ɗauki wannan alƙawarin ba, kar ka canja ɗaya da ɗaya don neman sauri sai ka san abin da kake yi.

TAMBAYA: Na buɗe memory-barriers.txt na ga sai zancen wata furosesa Alpha ake yi wadda ban taɓa gani ba. Kuma tunda ka ce gwaji a laftof ba hujja ba ne, to ta yaya mutum zai tabbatar kod ɗinsa daidai ne?
Daga wani ɗalibi a Damagaram

AMSA: Madalla da ka buɗe takardar, David Howells da Paul McKenney ne suka fara rubuta ta a 2006, daga baya Will Deacon da Peter Zijlstra suka shigo ciki. Tana da tsawo kuma tana da nauyi, kar ka karaya in ba ka gane ta a karatun farko ba.

Alpha ta kamfanin DEC ce, ta fito a 1992, kuma ita ce ta fi kowa sassauci a duk furosesar da Linux ke gudu a kai. A sauran, in ka karanta adireshi daga wani gurbi sannan ka bi adireshin ka karanta abin da ke can, dole na biyu ya biyo bayan na farko don ai sai ka san gida kake sallama. A wasu samfuran Alpha keshin rabe yake gida biyu, ɗaya na iya samun sabon labari ɗayan yana riƙe da tsoho, sai ka ga sabon adireshi amma ka tarar da tsohon kaya a cikinsa. Wannan ya shafi RCU kai tsaye, dabarar da ta shiga Linux a 2002 wadda ke barin masu karatu su bi jerin bayanai ba makulli, mai rubutu ya wallafa da rcu_assign_pointer() mai karatu ya ɗauka da rcu_dereference(). Saboda Alpha kaɗai aka yi shekaru ana ɗauke da smp_read_barrier_depends(), sai a 4.15 aka cusa shi cikin READ_ONCE(), a 5.9 aka cire sunan gaba ɗaya aka bar wa Alpha nata READ_ONCE() na musamman.

Zancen tabbatarwa kuwa, yanzu muna da abin da na baya ba su samu ba. A 2018, cikin Linux 4.17, aka shigar da tsararren ƙa'idar memori ta kanel a tools/memory-model, aikin Jade Alglave da Luc Maranget da Paul McKenney da Andrea Parri da Alan Stern. Kana rubuta ɗan gajeren gwaji mai zare biyu ko uku, ka faɗi sakamakon da kake tsoro, sai manhajar herd7 ta bi duk hanyoyin da ƙa'idar ta halatta ta gaya maka ko zai iya faruwa, ba ruwanta da wace furosesa ke kan teburinka. Akwai kuma KCSAN da ya shigo a 5.8, shi yana sa ido ne yayin da kanel ke gudu ya kama inda zare biyu suka taɓa gurbi ɗaya ba alama, a kanel ɗin gwaji ake kunna shi don yana rage gudu.

Ga aikin da zan ba ka, kai da ɗan'uwanka na Zariya. Ka sauke herdtools7, ka shiga tools/memory-model, ka buga:

herd7 -conf linux-kernel.cfg litmus-tests/MP+poonceonces.litmus

Wannan shi ne zancen tuwo da saƙo ba shinge, a ƙasan sakamakon za ka ga Sometimes, ma'ana yana iya faruwa. Sai ka gwada MP+pooncerelease+poacquireonce.litmus, za ka ga Never. Daga nan ka kwafi fayil ɗin na biyu, ka cire smp_load_acquire() ka mayar da shi READ_ONCE() ka bar ɓangaren mai rubutu yadda yake, ka sake bugawa ka ga abin da zai ce. In ka gama ka yi haka da SB+poonceonces.litmus da SB+fencembonceonces.litmus, su ne labarin shagon Kantin Kwari, ka turo min abin da ka samu a fito da shi a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.